Tukuicin da ya dace da mai ɗinka bargon haɗe-haɗe

Da aka tattauna kan abin da mutum zai ba wadda ta ɗinka masa bargon haɗe-haɗen ƙyalle don nuna godiya, bakin masu sana'ar ya zo ɗaya: a saya mata abin da ke ƙarewa.

Na gaba-gaba shi ne rezar zagaye da ake yanka yadi da ita. Mai milimita 45 aka fi amfani da ita, kuma tana saurin dakushewa. Da ta dakushe sai ta riƙa tsallake zare, bakin ƙyallen ya tsefe, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Sai allurar keken ɗinki mai lamba 80/12, da zaren auduga mai lamba 50, ruwan toka ko ruwan madara, don su ne ke sajewa da kowane launi.

Wajen yadi aka fi ja-in-ja. Wasu sun ce a bar mata zaɓinta, a ba ta katin sayayya, domin launin da ya burge mai kyauta ba lallai ya shiga tsarinta ba. In kuwa za a saya, to ya zama auduga zalla, yankan inci 18 da 22, daga rukuni ɗaya na yadikan da launinsu ya dace da juna. Mai haɗin leda yana santsi, ba ya kwanciya a guga, zafi kuma yana ƙona shi.

A guji ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne yadi lokacin ɗinki, da kwarkwaro sai an san irin kekenta, don na wani ba ya hawa wani. Tabarmar da ake yanka yadi a kanta kuwa a kai ta a shimfiɗe, kada a bar ta a rana, tana lanƙwashewa.

Da yawa sun ƙara da cewa a haɗa da hoton bargon a kan gadon da aka shimfiɗa shi.