Neman kalma: me za mu kira jirgin da ke buɗe hanya a daskararren teku?

Salamu alaikum, 'yan zaure. Yau ma na zo da kalmar da ta tsaya mini a maƙogwaro.

Jiya da dare ina rubuta ɗan labari kan gasar da manyan ƙasashe ke yi a tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, sai ga jirgin nan da ake kira icebreaker da Turanci. Karo na farko na rubuta "jirgin ruwa mai fasa ƙanƙarar da ke saman teku". Karo na biyu ma haka. Da na kai na biyar sai na ga sunan jirgin ya cinye rabin labarin. Ina neman suna gajere, wanda mai karanta labarai zai faɗa ba tare da ya tsaya shan iska ba.

Kafin a fara jefo sunaye, bari in faɗi yadda abin yake aiki, don da yawanmu mun ɗauka yanka yake yi kamar wuƙa. Ba haka ba ne. Goshinsa a kwance yake, kamar bayan cokali. Inji ya ingiza shi, ya hau kan ƙanƙarar, nauyinsa ya danne ta, ta karye a ƙarƙashinsa. Kamar dai ƙato ya zauna a kan ƙwarya. Daga nan faɗin jikinsa ya ture ɓaraguzan gefe, jiragen kaya su biyo bayansa a jere. Idan ya maƙale, wasu suna da tankunan ruwa a dama da hagu, a riƙa tura ruwan daga wannan zuwa wancan, jirgin ya yi ta rangaji har ya kuɓuce. Duk wanda ya taɓa jijjiga motar da ta kafe a rairayi ya san dabarar. Wasu kuma ana hura musu iska ta ƙasa, kumfa ta taso ta gefen jiki don kada ƙanƙara ta riƙe su.

To, bismilla.

Amsa ta farko daga wani ɗan'uwa a Damagaram ta zo. Ya ce su da Faransanci brise-glace suka koya, kuma ma'anarta ba ta wuce "fasa ƙanƙara" ba, don haka a ce fasa-ƙanƙara a huta. Yaya, na gode, kuma ina jin can za mu koma a ƙarshe. Amma bari mu zagaya tukuna, mu ga abin da sauran masu jirgin suka ce.

'Yan Rasha ledokol suke cewa. Rabin farko ƙanƙara ce, rabin biyu kuwa daga aikatau ɗin da suke amfani da shi wajen faskaren itace ya fito. Larabawa kasihatul jalid suke cewa, wato mai share ƙanƙara, kalmar da suke ba jirgin share nakiya ma. Kowa ya kalli abin ta inda ya ga dama: wani duka ya gani, wani shara.

Kuma in akwai wanda ya cancanci a saurari sunansa, Rasha ce. Ita kaɗai ce a duniya ke da irin waɗannan jirage masu aiki da nukiliya. Na farkonsu, Lenin, ya fara aiki a 1959, yanzu yana ɗaure a Murmansk an mai da shi gidan tarihi. A watan Agustan 1977 jirginsu Arktika ya zama jirgin ruwa na farko da ya bi ta saman teku ya kai tsakiyar ƙuryar arewa. Sabon Arktika, wanda ya gaji sunan, ya fara aiki a 2020: tsawonsa mita 173, ƙarfin da ke juya farfelolinsa megawat 60, yana tafiya cikin ƙanƙarar da kaurinta ya kusa mita uku ba tsayawa. Mita uku fa, kusan tsayin ɗaki daga daɓe zuwa rufi. Bayansa Sibir da Ural da Yakutia sun fito, duk daga ma'aikata ɗaya a Saint Petersburg. In aka haɗa manya da ƙanana, jiragen Rasha na wannan aiki sun kai wajen arba'in.

Abin dariya, kakan su duka, Yermak, ba a Rasha aka ƙera shi ba. A Newcastle ta Ingila aka yi shi a 1898, bisa tsarin Admiral Makarov.

Wata malama ta ce a ce mafashin ƙanƙara, tunda daga ɗinka muna samun maɗinki, daga ƙera maƙeri. Malama, Allah ya ƙara ilimi, ƙa'idarki daidai ce, amma sake karanta shi da ƙarfi. Mafashi kuma? Ranar da aka ce "mafasan Rasha sun tare hanyar arewa", sai an aiko mana da takarda daga ofishin jakadanci.

Wani ya ce jirgin tunkuyi. Wannan ya burge ni, don akwai gaskiya a ciki. Idan ƙanƙara ta yi tudu, ta fi ƙarfin a bi ta kai tsaye, jirgin baya yake ja, ya ɗauko gudu, ya auka mata, ya sake komawa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, kamar don shi aka yi karin maganar. Polar Star na Amurka da haka yake cin ƙanƙarar da ta kai mita shida. Sai dai tunkuyi dabarar ranar wuya ce, ba aikin kullum ba, kuma sunan bai ambaci ƙanƙara ba sam. Mai sauraro zai zaci jirgin yaƙi ne mai karo da 'yan'uwansa.

Tunda Polar Star ya shigo, bari in ɗan tsaya a kansa, don shi ne ya sa na fara rubutun tun farko. A 1976 ya fara aiki. Tagwayensa Polar Sea ya kwanta tun 2010 da injinsa ya lalace, aka koma ciro kayan jikinsa ana gyara mai ran. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya ajiye wata a gareji don cire mata kaya ya san wannan rayuwa. Da wannan dattijo Amurka ke zuwa Antaktika kowace shekara tana buɗe hanyar kai kaya sansaninta na McMurdo. Sai Healy, matsakaici, wanda bincike ya fi yi, sai wani da suka sayo na hannu a 2024 suka sa masa suna Storis. Ƙasar da ke ƙera jiragen da jiragen yaƙi ke sauka a kansu, ga ta tana lallaɓa tsoho ɗaya. Ba kuɗi ta rasa ba, hannu ta rasa. Ƙarfen jikin irin wannan jirgi mai kauri ne, kuma dole ya jure sanyin da ke sa ƙarfe na yau da kullum ya tsage kamar tangaran. Lanƙwasa shi da waldarsa sana'a ce, sana'a kuwa in aka shekara arba'in ba a yi ta ba, masu ita sun tsufa, yara ba su koya ba.

Shi ya sa a Yulin 2024 Amurka da Kanada suka ƙulla yarjejeniya da Finlan kan ƙera waɗannan jirage. Finlan ɗin nan da mutanenta ba su kai miliyan shida ba, ita ce maƙerar garin. Duk tashoshin ruwanta na iya daskarewa da hunturu, kayanta kuwa ta teku suke shiga da fita, don haka dole ce ta koya mata. Har Tarayyar Sobiyet a wurinta ta yi odar Taymyr da Vaygach: aka ƙera jikinsu a Helsinki, aka ja su zuwa Leningrad aka saka musu tukunyar nukiliya. Su Finlan ɗin ne kuma suka fito da farfelar da ke rataye a ƙarƙashin jirgi tana juyawa kowace fuska, har ta sa wasu jiragen ke cin ƙanƙara da baya da baya. Ita ma Sin jirginta na farko, Xue Long, daga Yukren ta sayo shi. Na biyun, Xue Long 2, a Shanghai ta ƙera shi ya fara aiki a 2019, amma da hannun kamfanin Aker Arctic na Finlan a zanensa.

Mu dawo kan kalma.

Wani dattijo ya turo mini saƙon murya, ya ce duk mun bar jaki muna dukan taiki. Ya ce amfanin jirgin ba fasawa ba ne, jagora ne: yana gaba, ayari na binsa. Ya tuna mana zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja, akwai madugu, akwai jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya. A ce jagaban ƙanƙara.

Baba, Allah ya ja kwana, wallahi maganarka ta fi ta kowa zurfi. Abin da Rasha ke sayarwa ke nan a hanyar tekun arewa: rakiya. Jirgin kaya daga gabashin Asiya zuwa arewacin Turai, in ya bi ta saman Rasha ya rage tafiya sosai a kan bin mashigin Suwez, kuma tun da jirgin kaya Ever Given ya toshe Suwez kwana shida a Maris ɗin 2021 suke ta tallata hanyar. Mai jirgin gaba shi ke karɓar kuɗin rakiya, shi ke cewa wa zai wuce. Sai dai Baba, ka san jagaba a Najeriyar yau ya riga ya yi mai shi. Ka rubuta "jagaban ƙanƙara" a Facebook, kafin la'asar an mai da zancen siyasa. Amma na karɓi ayari daga hannunka. Jiragen da ke bin bayansa ayari ne, ba sai mun nemi wata kalma ba.

Saura aikatau huɗu a gabanmu: fasa, karya, tsaga, keta.

Tsaga da keta duk suna nuna abu mai kaifi yana ratsawa, mun kuwa ce ba haka yake yi ba. Keta-ƙanƙara na da daɗi a baki, ban musa ba, amma kwale-kwale ma keta ruwa yake yi.

Karya ita ce ta fi dacewa da abin da injiniya zai gaya maka, don lanƙwasa ƙanƙarar ake yi har ta karye, kamar yadda ake karya kara a gwiwa. Matsalarta biyu. Na ɗaya, rabin mutanenmu ba su da ƙ mai lanƙwasa a wayarsu, kuma sun saba ganin "karya" su karanta ƙarya. Na biyu, wanda ya fi nauyi a wurina: Bahaushe ba ya karya ƙanƙara. Ku tuna da azumi, ana gab da shan ruwa, mai ƙanƙara ya zaro dunƙule daga cikin buhu, ya share dusar katakon da ke jiki da tafin hannu, ya ɗora a kan benci, ya ɗauko guntun ƙarfe. Me kake ce masa? "Fasa mini ta ɗari biyu." Ba ka taɓa cewa karya mini. Muna karya itace da ƙashi da kumallo. Muna fasa tulu da ƙwai da dutse da ƙanƙara. Harshe ya riga ya raba gadon, ba mu za mu sake rabawa ba.

Ga shi kuma ginin kalmar namu ne tun fil azal: fasa-ƙwauri, hana-salla, dafa-duka, ƙare-dangi. Fasa-ƙanƙara ta shiga layinsu ba tare da an ce mata baƙuwa ba.

Wani ɗan Katsina ya ja hankalina kan abin da ban lura ba. Ya ce Ƙanƙara gari ne a jiharsu, kuma a halin da ake ciki, kanun labarin da ya fara da "fasa Ƙanƙara" zai tsinka wa mutane zuciya kafin su kai ƙarshen layi. Gaskiyarka, ɗan'uwa, wannan ba abin wasa ba ne. Maganinsa kada a taɓa sakin kalmar ita kaɗai a kanun labari. Kullum jirgi na gaba, da ƙaramin baƙi, da karan ɗori a tsakiya: jirgin fasa-ƙanƙara. Jam'i, jiragen fasa-ƙanƙara. Karan ɗorin kuma shi zai hana a karanta fasa ɗin nan ta fasa tafiya.

Akwai wanda ya ce duk da haka sunan bai nuna hawa da dannewar ba, alhali a jirgi mai saukar ungulu mun zana yadda abin yake sauka. Haka ne. Amma ungulu kowa ya taɓa ganinta tana sauka a mahauta. Daskararren teku fa? Mafi yawanmu ƙanƙarar da muka sani ta firji ce, sai wadda ke zubowa da ruwan sama ta ɓata gero. Aikin da ke gaban marubuci shi ne ya sa mai karatu ya yarda cewa teku sukutum na iya zama daɓe har mota ta bi ta kai. In ya yi wannan a jimla ɗaya a farkon labari, sunan zai ɗauki sauran.

Na gwada a labarin nawa: "Rasha na da jiragen fasa-ƙanƙara wajen arba'in, wasunsu masu aiki da nukiliya, yayin da Amurka ke dogaro da babba guda ɗaya da ya fara aiki tun 1976." Ya zauna. Na karanta wa ƙanena da ke aji biyu na sakandare, bai tambaye ni ma'ana ba, sai cewa ya yi wa ya kai jirgi cikin firji.

Abu ɗaya ya rage mini. Zirin ruwan nan da jirgin ke bari a bayansa, baƙi a tsakiyar fari, wanda ayari ke bi da sauri kafin ya sake daskarewa, na rubuta masa burtali. Ƙanƙara dama, ƙanƙara hagu, kamar gonaki, kowa ya bi sawun na gaba. Wani ya riga ya ce mini burtali na shanu ne, kuma ba ya rufewa bayan an wuce. Baba mai jagaba, kai nake jira a kan wannan.