Hannuna na sagewa a kan keke, wa ya taɓa gwada robar hannu mai soso?

Mai kai kaya Dawanau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 6 ke nan ina hawa kekena Phoenix daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Dawanau, in tafi da safe in dawo da yamma. Tun daminar bara na lura idan na yi kamar rabin awa a hanya, sai ƙaramin yatsana na dama da wanda ke kusa da shi su sage, kamar ba a jikina suke ba. Da can in na sauka na karkaɗe hannun sai ya dawo. Yanzu har cikin dare ina jin kamar ana tsira mini allura, jiya ma ɓalla maɓallin riga sai da ya ba ni wuya. Robar hannun keken ita ce ta asali, rana ta busar da ita ta yi tauri. Wani ya ce in sa mai soso. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mini gaskiyar abin da ya gani.

Malamin firamare

Wa alaikumus salam. Na sa mai soso, irin mai kaurin nan. Makon farko na ji daɗi ƙwarai. Kafin wata biyu soson ya lotse daidai inda tafin hannuna ke zama, ya sha gumi, ya fara ɓarewa. Abin da ya fi damuna shi ne kaurin: yatsuna ba sa zagaye shi sosai, sai na riƙa damƙa da ƙarfi, kama birki ma ya ƙara nisa. Sagewar ta dawo yadda take.

Wadda ta yi mini amfani ita ce mai faɗi ta baya kamar ɗan fiffike, inda dunduniyar tafin hannu ke kwanciya. Kamfanin Ergon na Jamus ne ya yi suna da irinta, amma tawa kwaikwayo ce na samu a wurin masu kayan gwanjo. Ba ta da laushi sosai, faɗin ne ke raba nauyin.

Baba mai gyaran keke

Ɗana mai zuwa Dawanau, kafin ka kashe ko kwabo ka duba sirdinka. Yawancin masu kawo mini wannan kuka, in na tsaya gefe na dubi keken sai in ga hancin sirdin ya sunkuya ƙasa. Mutum yana ta zamewa gaba, hannuwansa ne ke tokare shi tun daga gida har kasuwa. Ni kaina na yi fama da shi lokacin da nake hawa Raleigh. Na yanka tsohon tiyub na nannaɗe a hannun keken zagaye biyu, ya rage zafin tafin hannu, amma yatsun ba su daina mutuwa ba sai da na daidaita sirdin na kuma ɗan ɗaga kan keken.

In za ka canza robar, kaurin ƙarfen a wurin riƙo milimita 22.2 ne a kusan duk kekunan da muke hawa, don haka za ta shiga. Amma kada ka bari a zura ta da baƙin mai ko man gyaɗa. Ruwa kawai, a bar ta ta bushe ta kama. Na ga wanda tasa ta zame a gangare, Allah ne ya tsare.

Ma'aikacin jinya

Baba ya faɗi gaskiya. Ni ma a keke nake zuwa aiki kuma abin ya taɓa ni, shi ya sa na bi diddiginsa. Yatsun da suka sage su ne ke nuna inda ake danna. Akwai jijiyar da ke gangarowa ta bayan gwiwar hannu, wadda in ka buge ta kake jin kamar lantarki. Tana shiga tafin hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, ta wata 'yar siririyar hanya a wuyan hannu, ita ke ba ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi ji. Ita Malam mai zuwa Dawanau yake dannewa. In kuwa babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, to wata jijiyar ce daban da ke bi ta tsakiyar wuyan hannu, ita kuma lanƙwasa wuyan hannu baya ne ya fi takura mata.

Ni abin da na yi: na miƙe wuyan hannuna ya zama layi ɗaya da sangalin hannun, na daina sandarar da gwiwar hannu, kuma lokaci zuwa lokaci ina sauya wurin riƙo.

Amma Malam, maganar maɓallin nan ta tsaya mini a rai. Jijiyar ƙaramin yatsan nan ita ce ke motsa yawancin ƙananan tsokokin hannu. Sagewar da ke wucewa bayan an sauka daban, wadda ta kwana ta kuma fara rage ƙarfin yatsu daban. Ka je asibiti a duba, ka kuma huta da keken na ɗan lokaci in da hali.

Ɗan Maraɗi

Salamu alaikum. Mu nan gargada ce matsalar. Da ina cika taya da iska har ta yi kamar dutse don keken ya yi gudu, duk girgizar hanya a hannuna take ƙarewa. Na rage iskar kaɗan, ba har tayar ta kwanta ba, na sa safar hannu mai ɗan tudu a tafi. Safar ta taimaka lokacin ɗari, da zafi ya shigo kuwa gumi ya hana ni sa ta. Sannan na daina rataya kaya a kan keken ta gaba, don nauyin yana fizgar kan, dole ka riƙe gam.

Maman yara

Ku yi haƙuri in sa baki. Maigidana sau uku yana canza robar hannu bai ji sauƙi ba. Shi hannu biyu ne, kuma tafin ƙafafunsa ma suna yi masa zafi da dare. Da aka auna jininsa aka samu ciwon suga. Duk wanda abin ya haɗa masa da ƙafa, ya je a auna.

Mai kai kaya Dawanau

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na duba, hancin sirdin a sunkuye yake kamar yadda ka ce, an gyara shi yau. Jarkar da nake ratayawa a gaba na mayar da ita baya. Mai fiffiken ban same ta ba tukuna, don haka na nannaɗe tiyub kafin nan. Ƙanina zai riƙa kai kayan wannan makon, ni kuma ranar Litinin in sha Allah zan je asibiti. Ƙafafuna lafiya lau, Maman yara, amma zan ce a auna sugan tunda na je.