Wai wa ake yi wa waƙar Latin ɗin nan a Misa?

Maman Biyu: Salama jama'a. Ni dai yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a cire ni daga grup ɗin nan. Ranar Asabar aka yi Misar jana'izar wata tsohuwa 'yar zumuntarmu, matar da ta tsufa tana share coci tana kaɗa tulu, amma tun shigowa har aka ɗauki akwati Latin 'yan kwaya suka dinga rerawa, su Kyrie su Sanctus su Agnus Dei, matan zumunta sun ci anko sun zo da tulu da caki suka zauna zuru kamar baƙi. Don me za a sallami mutum da mataccen harshen da ita kanta ba ta ji?

Ɗan Seminari: Mama sannu da rashi, amma don Allah ki janye kalmar matacce ɗin nan. Asalin littafin Misa da Latin yake, daga shi ake fassarawa zuwa Turanci da sauran harsuna, ta yaya zai zama matacce

Baban Yara: Buroda matacce ne mana. Nuna min kasuwa ɗaya da ake ciniki da shi ko uwa ɗaya da ke yi wa ɗanta faɗa da shi. Ko a Rum ɗin Italiyanci suke yi

Ɗan Seminari: Baba abin da ake addu'a da shi kullum a kan bagade bai mutu ba. Kuma Kyrie ɗin da Mama ta lissafa ma ba Latin ba ne, Girkanci ne

Baban Yara: To ka ga ni, ashe biyu ne ma ba ma ji

Tsohon Katikis: 'Ya'yana ku bi a hankali. Ni na yi wa Fada hidima ina yaro lokacin da yake fuskantar bagade ya ba jama'a baya, ya ce Dominus vobiscum, wato Ubangiji ya kasance tare da ku, mu ce et cum spiritu tuo, wato da kuma ruhunka, iyayenmu kuwa suna baya suna jan rosari don ba su san inda aka kwana ba. Taron Vatikan na biyu, wato babban taron bishop-bishop na Katolika da aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe ƙofa, takardar ibada da suka fitar a Disamba 1963 ta ce a riƙe Latin amma a ba harshen jama'a wuri, daga baya sabon littafin Misa ya fito a 1970. Ranar da aka fara cewa Ubangiji ya kasance tare da ku da Hausa na ga tsofaffi suna share hawaye. Amma ban yarda a ce masa matacce ba, da shi aka yi min baftisma.

Wani Ɗan ECWA: Ku duba 1 Korintiyawa 14:19, Bulus ya ce gara ya faɗi kalma biyar da hankalinsa a cikin ikilisiya da ya faɗi dubu goma da harshen da ba a ganewa. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, me ake jira

'Yar Kwaya: Wai wa ya sa wannan a grup ɗin Katolika? Bulus maganar baiwar harsuna yake yi. Kuma Yesu kansa da Latin ya yi Jibin ƙarshe, wani Fada ya taɓa faɗa mana

Ɗan Seminari: A'a 'yar'uwa, wannan kam kar ki ja mana, Aramiyanci Yesu ke yi. Kiristocin Rum na farko ma da Girkanci suke ibada, sai wajen ƙarni na 4 Latin ya kankama don shi talaka ke ji a lokacin

'Yar Kwaya: To ai a Yohanna 19:20 an rubuta Latin a kan gicciye

Baban Yara: Bilatus ne ya rubuta ai

'Yar Kagoro: Ni abin da ke ba ni haushi masu cewa a yi da Hausa harshenmu harshenmu. Harshen wa? Kakata har ta mutu Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba, a wurinta da Latin da Hausa duk ɗaya ne, Bajju da Atyap da Berom duk an tattara mu an ce mu yi sujada da Hausa yanzu yaranmu ba sa jin yare, in ana maganar harshen da ke mutuwa namu ne ke mutuwa ba wanda ya damu

Ɗan Malumfashi: Haba 'yar'uwa, mu fa Hausawa ne kuma Katolika ne tun iyaye, kullum sai a yi magana kamar ba mu cikin cocin. Da wane harshe kike rubuta wannan ɗin?

'Yar Kagoro: Dole ce ta sa

Uwar Zumunta: Ku bar zancen yare. Maganar gaskiya 'yan kwaya ba sa son mu yi waƙa, ko ranar godiya sai da suka kashe mana makirfo. Kuma ai na ji Paparoma Francis ya hana Latin ɗin ma gaba ɗaya

Ɗan Seminari: Bai hana ba Mama. Tsohon tsarin Misa na littafin 1962 ne Paparoma Benedict ya sassauta a 2007, Francis ya taƙaita shi a Yuli 2021. Rera Sanctus da Latin a Misar da muke yi kullum ba wanda ya hana

'Yar Kwaya: Makirfo kuma janareta ne ya ɗauke, kowa ya gani. Mu da muke zuwa firaktis da yamma bayan aiki har dare ba a taɓa ce mana sannu ba sai zagi

Uwar Zumunta: Janaretan da ya dawo daidai lokacin waƙarku

Admin, Shugaban Kwaya: To ya isa haka. Abin da na fahimta daga duk bayanan nan shi ne kusan kowa ya yarda Latin bai mutu ba, Baba Katikis ya tabbatar taron Vatikan ya ce a riƙe shi, Buroda kuma ya nuna Paparoma bai hana ba, saboda haka kwaya ba ta yi laifi ba kuma ya kamata a janye waccan kalmar. Zancen yare da makirfo a kai wa kwamiti. Duk mai son koyon Agnus Dei ya zo firaktis ranar Alhamis ƙarfe 5. Na rufe komen.