Kaya sun bar gona a matsayin oganik, sun isa hannun mai saye a matsayin gama-gari: a ina abin ya taɓa lalace muku?

Mai Tara Kaya:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar kayan oganik ku zo mu baje abin da muka gani da idonmu. Ni aikina tara riɗi da waken soya daga ƙungiyar ƙananan manoma in kai wa kamfanin da ke fitarwa waje, kuma abin da ke ci mini rai shi ne manomi ne ke shan wahalar farko, sai ya daina takin zamani da feshi na tsawon shekaru kafin a yarda da gonarsa, a dokar Turai shekara 2 kafin shuka in amfanin shekara-shekara ne, shekara 3 kafin girbin farko in itatuwa ne, a Amurka wata 36 kafin girbi, duk wannan lokacin yana sayarwa a farashin kowa da kowa, amma kuma yawanci ba a gonarsa kayan ke rasa shaidarsu ta oganik ba. Mu a siton haya abin ya same mu. Mai siton yana da nasa hatsin a ɗaya ɓangaren, ya ga ƙwari, ya jefa ƙwayoyin fosfin, maganin hayaƙin kashe ƙwari, ya kulle ƙofa bai gaya wa kowa ba, a ganinsa ma taimakonmu ya yi. Ranar da sufeton masu ba da satifiket ɗin oganik ya zo ana buɗe ƙofa wani wari kamar na tafarnuwa ya buge mu, ga gwangwanin maganin babu komai a ciki an jingine bayan ƙofa. Ko samfur bai ɗiba ba ya rubuta. Duka lodin ya koma gama-gari. Ku kuma a wace gaɓa?

Mai Sito:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Malam. Amma kar a ɗora wa mai sito laifin duka, mutumin da tun tasowarsa in ya ga ƙwaro magani yake sawa, in ba a zaunar da shi an yi masa bayani an kuma rubuta a yarjejeniyar haya ba to abin da ya sani zai yi. Ni yanzu ba na haɗa rufi ɗaya da kayan da ba oganik ba sam, fenti a ƙasa da allo ba sa tare iskar magani. Ƙwari kuma buhun da ba ya shan iska muke amfani da shi, irin PICS ɗin nan da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu a ciki buhu ɗaya a waje, kowanne a ɗaure shi daban, ƙwaron da ke ciki ya shanye iskar ya mutu da kansa. Sharaɗinsa hatsi ya bushe ƙarau kafin a zuba, in da danshi fumfuna ce za ta cinye shi, kuma ɓera in ya huda leda aiki ya tashi, don haka a kan katako ake jerawa nesa da bango. Wani abin da mutane ke rainawa tsohon buhu. Na taɓa juya buhun da manomi ya kawo na ga farar ƙurar taki a lungun ɗinkin. Tun daga nan mu ke raba sabon buhu mai lamba kafin girbi, wanda ya zo da wani buhun ba ma karɓa ko ɗan'uwana ne.

Direban Motar Sanyi:
Yallaɓai mu direbobi kullum mu ake zagi to bari in faɗi namu. Za a kira ka a ce zo ka ɗauki kayan oganik, ba wanda ya tambaye ka jiya me ka ɗauko, alhali jiyan nan ƙila taki ne ko jarkokin maganin ciyawa. Kamfanin da ya san aikinsa kafin lodi sai ya ga takardar wanke mota, ya tambayi lodin da suka gabata, ya leƙa ciki da tocila, bayan lodi ya sa hatimi a ƙofa ya rubuta lambar hatimin a takardar kaya. In an isa lambar ba ta yi daidai ba ba mai sauke maka ko da kuka za ka yi.

Sai kuma maganar haɗa kaya don a rage kuɗin mota, nan ne asara take ko ba maganar satifiket. Ayaba tana son sanyi wajen digiri 13 zuwa 14, in ka yi ƙasa da haka bawonta ya dushe ya yi toka-toka ba za ta nuna da kyau ba, latas kuma kusa da sifili yake so. Kuma ayaba da tuffa suna fitar da iskar etilin wadda ke sa ganye ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa. An taɓa matsa mini na haɗa su don mai kayan ba shi da lodin da zai cika mota biyu, na gaya masa, ya ce in tafi kawai. Da aka buɗe shi da kansa ya yi shiru.

Hajiya Mai Shago:
Ɗan'uwa direba ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Matsalar masu oganik ke nan, kayanmu kaɗan ne, ba ma cika mota, shi ya sa kuɗin dako a kan kowane kilo ya fi na kowa. Ni a shago abin da ya fi wahalar da ni rashin tabbas, wannan makon kaya sun yi yawa har suna ruɓewa, mako mai zuwa tsutsa ta shiga gonar mutum ɗaya shikenan kanta ta zama wayam, kuma ba ka da damar ka ruga kasuwa ka cike gurbin da na gama-gari, in ka yi ka ci amana. Abin da ya ɗan sauƙaƙa mini shi ne na sa kwastomomi suna biya tun farkon wata, kowane mako su karɓi kwando na abin da gona ta bayar, ni kuma tun kafin shuka nake zama da manoman mu raba wa zai shuka me kuma yaushe, don kar kowa ya kawo abu ɗaya rana ɗaya. Kwandunan oganik launinsu daban, sikelinsu daban, kuma ba a ɗora na gama-gari a samansu saboda ruwan da ke ɗiga. Yaran shago sai da na yi ta fama da su a kan wannan, su a ganinsu tumatir tumatir ne.

Sufeto Mai Ritaya:
Na karanta duka, bari in yi magana daga ɗaya gefen teburin. Mutane suna zaton gwajin lab ne ke nuna abu oganik ne, a'a, lab maganin da ya rage a jikin kaya kawai yake gani, kayan gama-gari ma suna iya fitowa fes. Abin da muke bi lissafi ne. Hekta nawa ka noma, me ake sa ran hekta za ta bayar, nawa ya shiga sito, nawa ya fita, nawa ya rage. In ka sayar da tan 80 alhali gonakinka ba za su wuce tan 50 ba sai ka gaya mini daga ina 30 suka fito. Sannan in ɗauki rasit ɗaya cikin tarin rasit in ce a bi mini shi baya har gonar da aka girbe shi. Galibin waɗanda na gani sun faɗi ba macuta ba ne, lambar lodi ce ta ɓace a wajen injin tacewa, an zuba na mutum biyar wuri ɗaya ba a rubuta ba.

Masu cewa takardu sun yi yawa su tuna abin da ya jawo su. A 2017 jaridar Washington Post ta bankaɗo wani lodin waken soya kimanin tan dubu 16 da ya taso daga Yukren ya bi ta Turkiyya zuwa Kalifoniya, ya bar gida a matsayin gama-gari har an yi masa hayaƙin maganin ƙwari, ya isa da takardun oganik, darajarsa ta ƙaru da wajen dala miliyan 4. A cikin Amurka kanta wani manomi Randy Constant ya sayar da hatsin gama-gari na sama da dala miliyan 142 da sunan oganik, a 2019 aka yanke masa ɗaurin sama da shekara 10. Shi ya sa daga 19 ga Maris 2024 Amurka ta tsaurara, dillalai da 'yan tsakiya da yawa waɗanda a da ba a neman satifiket a wurinsu yanzu dole su mallaka, kuma duk lodin da zai shiga ƙasar sai da takardar shigo da kaya ta oganik.

Sakataren Ƙungiyar Manoma:
Baba sufeto Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma ka duba, waɗanda suka yi cutar nan masu jiragen ruwa ne, wanda ke biyan kuɗin gyaran kuma mai hekta ɗaya ne. Dokar Turai mai lamba 2018/848 da ta fara aiki a Janairun 2022 tare da ƙa'idojin aiwatar da ita sun ce ƙungiya kar ta wuce mutum 2,000, dole ta zama mai rajistar kanta, kuma masu ba da satifiket su sake duba aƙalla kashi 5 cikin 100 na membobi da kansu su ɗebi samfur a wajen kashi 2. Duk wannan kuɗi ne kuma daga aljihunmu yake fita. Ni kuma a wurina inda sarƙar ke tsinkewa biyan kuɗi ne. Manomi ya girbe, yana da bashi a wuya, kamfani ya ce sai sakamakon lab ya fito za a biya, ga dillali a bakin gona da kuɗi a hannu, wallahi sayarwa zai yi ko da ba ƙarin oganik ɗin. Daga baya in an zo karɓar abin da ya yi alkawari sai ya ari na maƙwabci ya cike buhu. Tun da muka samu mai saye da ke ba da wani kaso ranar awo, wannan matsalar ta ragu ƙwarai, fiye da duk wa'azin da muka yi ta yi a taro. Waɗanda kasuwarsu ta cikin gida ce kuma ni shawarata su duba tsarin PGS da IFOAM, ƙungiyar noman oganik ta duniya, ke goyon baya, manoma da masu saye su ke duba gonakin juna, ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai ba ya fitar da kaya zuwa Turai ko Amurka.

Akawun Fitar da Kaya:
Nawa gajere ne. Takardar shaidar duba kaya ta Turai a manhajar Tarayyar Turai mai suna TRACES ake yinta, kuma dole a fitar da ita kafin kaya su bar ƙasar da suka taso. Mun taɓa samun jirgi ya tashi ranar hutu, mai sa hannu bai shiga ofis ba, kaya lafiyarsu ƙalau amma ba su shiga a matsayin oganik ba. Sannan ku roƙi Allah kar jami'an tashar ruwa su ga ƙwaro mai rai a kwantena, in suka ce sai an yi hayaƙi to shaida ta tafi. Masu riɗi kuma ku tuna 2020 da aka gano sinadarin etilin oksaid, wanda ake hayaƙin kashe ƙwayoyin cuta da shi, a riɗin Indiya, daga Beljiyam aka fara kai rahoto, aka janye dubban kayayyaki daga kantunan Turai har da masu tambarin oganik. Tun lokacin masu saye ba sa wasa da gwaji.

Mai Tara Kaya:
Na gode ƙwarai jama'a. Malam sakatare maganar biya ranar awo ta shige ni. Saura tambaya ɗaya, in kaya suka rasa shaida a hannun mai sito ko mai mota, wa ke ɗaukar asarar bambancin farashin? Mu a kanmu ta faɗo, manoma kuma mun riga mun biya su da farashin oganik.

Mai Sito:
In ba a rubuta ba a kanka za ta faɗo kullum. Ni yanzu duk wanda zai karɓi kaya a hannuna sai mun ɗebi samfur kashi uku a gabansa, a ɗaure a sa hannu a kan ledar, ɗaya nawa ɗaya nasa ɗaya na lab, kuma a takardar an rubuta cewa daga wannan sa'ar kaya suna wuyansa. Wasu direbobin suna ƙin sa hannu, su ce su ba su san me ke cikin buhu ba.

Direban Motar Sanyi:
Ni zan sa, in dai za a bar ni in tsaya a wajen lodi in ga an rufe ƙofa da idona, kuma a ƙara mini kuɗin wankin mota.