Tambaya: da gaske ne ana sukuwar doki a kan ƙanƙara?

Ɗan Ringim:
Slm jama'a. Wani bidiyo ne yaron gidanmu ya turo min a WhatsApp, dawakai suna gudu a wani fili fari fat, duwatsu a bayansu, mutane sun sha manyan riguna suna ihu, wai a kan tafki ne da ya daskare. Ni dai na ce masa haɗawa aka yi da kwamfuta, ta ina ruwa zai ɗauki nauyin doki da mahayinsa? Wanda ya sani don Allah ya warware mana, mun yi musu sosai a majalisa jiya.

Malam Na Dutse:
Wslm. Yaron ya fi ka gaskiya Ɗan Ringim. Garin sunansa St. Moritz a ƙasar Suwizalan, yana can saman duwatsu, tsayin wajen ya kai mita 1,800 daga teku. Bikin kuma White Turf suke ce masa, duk shekara a watan Fabrairu ake yi, ranakun Lahadi, kuma tun 1907 aka fara, ka ga ba abin jiya ba ne. Sanyi ne ke sa saman tafkin ya daskare ya yi kauri, sai an auna kaurin ƙanƙarar an tabbatar za ta ɗauka kafin a bar doki ya taka, in ta yi laushi sai a rage tseren ko a fasa. Takalman dawakin ma na musamman ne masu ƙusoshi saboda santsi. Wanda ya fi ban mamaki shi ne wanda babu kowa a kan dokin, mutum yana baya a tsaye kan wasu dogayen katakai ya riƙe linzami dokin yana jan sa a guje, ƙanƙara tana fantsama masa a fuska.

Sarkin Zagi:
Kai! Wannan ai sayar da rai ne. Mu da muke hawan Sallah a kan yashi ma in doki ya yi tutsu sai an kwana ana gasa wa mutum ƙugu. To amma dokinmu na nan in ka kai shi can ko awa ɗaya ba zai yi ba wlh, nawa da hunturun nan sai na rufa masa buhu da daddare na hura masa wuta a bakin turke, da asuba ka ga yana ta huci hancinsa na zuba.

Hajiya Mai Ƙosai:
Ni abin da ban gane ba, mutum da kuɗinsa ya biya jirgi ya tafi neman sanyi? Mu nan ƙafa duk ta tsage, man kaɗanya ya yi tsada, yara ba sa son wanka.

Malam Na Dutse:
Hajiya ai sanyin shi ne kasuwarsu. Garin ƙarami ne amma sau biyu aka yi wasannin Olamfik na hunturu a can, 1928 da 1948, kuma har kwallon doki suke bugawa a kan tafkin nan a watan Janairu. Masu otal da masu abinci a watannin nan suke cika aljihu, attajirai ne ke zuwa.

Ɗan Ringim:
To na sha kaye, zan saya wa yaron kati. Amma ku duba fa, mu ma ai lokacin sanyi ne lokacin shagalinmu, an gama girbi an sayar da riɗi, dambe, kokawa, bukukuwan aure duk a nan ake yi. Matsalar kawai ba mu da tsayayyar rana, sai dai ka ji a bakin direbobi a tasha cewa gari kaza ana dambe ran Juma'a, baƙo daga Legas ta yaya zai shirya?

Sarkin Zagi:
Ga duwatsun Dutse ga na Birnin Kudu masu zanen mutanen da, wuri ba shi ne matsala ba. A sa rana bayan kaka, a share fili, mu masu dawaki za mu zo ko ba a ba mu ko sisi ba. Sai dai a yayyafa ruwa tukuna, ƙurar hunturu da ta kofato in suka haɗu ɗan kallo ba zai ga wanda ya zo na ɗaya ba.