Shin karon nahiyoyi ne ke haifar da duwatsu masu aman wuta?

Ɗalibin aji biyu: Assalamu alaikum. Malaminmu ya zaftare mini maki don kawai na rubuta cewa karon da farantin ƙasar Larabawa (faranti shi ne babban yankin ɓawon ƙasa mai motsi a hankali) ya yi da na Yureshiya (wato Turai da Asiya) shi ne ya haifar da duwatsu masu aman wuta na gabashin Turkiyya, irin su Nemrut da Ararat mai tsayin mita 5,137. Don Allah, ina laifina?

Tsohon ɗalibin sashen: Ƙanena, malam bai zalunce ka ba. Indiya ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, amma manyan duwatsun Himalaya ba sa aman wuta. Abin da ake samu a can shi ne farin dutse mai suna giranit, wanda ya samu ne lokacin da ɓawon ƙasa ya yi kauri, ya narke, ya daskare a ciki bai fito waje ba. A Turkiyya kuwa, masana da yawa suna ganin ɓangaren ƙasan tsohon tekun Tetis (wanda a da ya raba farantan biyu) da ya nutse a ƙarƙashin Yureshiya ne ya tsinke, zafin ƙarƙashi ya taso ya narkar da duwatsu.

Abokin ɗalibin: Yaya, da ba a yi karon ba, da mene ne zai tsinke shi? Kuna kare malam ne kawai.

Malamar sakandare: Ni kalmar "karo" ce ma ban yarda da ita ba. Farantin da bai wuce tafiyar santimita biyu zuwa uku a shekara ba, matsi yake yi, ba karo ba.

Abokin ɗalibin: Hajiya, ko a hankali rago ya ture ɗan'uwansa da ka, karo ake cewa.

Malamar sakandare: Ba a yi ba, ɗana. Wannan ture ne.

Wani dattijo: Tun da kun ambaci Ararat, wanda wasu ke cewa a kansa jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, ku sani cewa a kan dutsen Judi ya tsaya, kada wani ya ruɗe ku.

Abokin ɗalibin: Baba, babu wanda ya kawo zancen jirgi a nan.

Mai kula da zaure: An tattauna sosai, kuma ya bayyana cewa malam, wanda ni ma shi ya koyar da ni, yana kan daidai, tun da Himalaya ba ta aman wuta. Batun matsi da karo bai da tushe. Na rufe wannan zance.