Cire katalis daga salansar motar gudu: dole ne a sake wa injin saiti?

MaiTurbo: Assalamu alaikum. Masana, mota ce mai injin lita 2 da turbo. In aka cire katalis (matatar hayaƙi) ɗin salansa aka sa bututu zalla, sai an sake wa ƙwaƙwalwar injin (kwamfutar motar) saiti, ko da kanta za ta daidaita?

BabanGareji: Wa alaikumus salam. Rabin aikin kawai za ta yi, malam. A tafiyar yau da kullum, sensar oksijin ta gaba ce ke riƙe haɗin iska da fetur a kan iska kashi 14.7, fetur kashi 1, kuma wannan bai canza ba. Matsalar sai an take totur har ƙasa take fitowa. Da katalis ya fita, hayaƙi ya samu hanya, turbo na cika da wuri, matsin iska ya zarce abin da aka tsara. In ƙofar westiget, wadda ke karkatar da hayaƙi daga turbo don rage matsin, ƙarama ce, ko ta buɗe duka ba ta iya zubar da rarar hayaƙin, sai matsin ya yi ta hawa a giya ta uku da ta huɗu. Nan motar za ta jefo lambar matsala P0234, ta matsin da ya wuce kima, ta rage wa kanta ƙarfi, ko injin ya fara ƙwanƙwasa, fistan ya ji jiki. Mai saiti zai gyara jadawalin westiget, ya ajiye haɗin a kan iska kashi 11.5 zuwa 12, fetur kashi 1, a cikakken totur, ya duba lokacin tartsatsin fulogi a kan daino, na'urar gwada ƙarfin injin. In matsin bai daina hawa ba, sai an faɗaɗa ramin westiget ɗin.

Lantarki: Gaskiya ne, maigida. Sensar baya kuwa katalis take sa wa ido. Da ƙwaƙwalwa ta ga karatunta na hawa da sauka kamar na sensar gaba, sai P0420, lambar gazawar katalis, ya fito, wutar cek injin ta kama. Injin V6 ko V8 zai ƙara da P0430, na katalis ɗin ɗaya ɓangaren injin. Wasu na ɗaura wa sensar kwalar ƙarfe don ta ja baya daga hayaƙin, amma a motoci da yawa ƙwaƙwalwa na amfani da ita wajen ƙaramin gyaran mai, karatun ƙarya sai ya karkatar da lissafin. Kuma kada a farfashe cikin katalis a bar kwankonsa: hayaƙi na hautsinewa a ramin, ƙara ta yi kaushi.

Injiniya: In babu turbo, ribar ba ta taka kara ta karya ba, sai ƙara da warin ɗanyen mai. Sannan a Amurka dokar tsabtar iska ta hana cire shi a motar titi, a Ingila kuma motar za ta faɗi gwajin MOT, wato duba lafiyar mota na shekara-shekara. Shawarata, a sa katalis mai faɗin rami, mai ƙwaya 200 a kowane murabba'in inci maimakon 400 zuwa 600 na kamfani. Yana buɗe yawancin hanyar, hayaƙin kuma yana tacuwa. Shi ma dai a motar turbo sai an sake saiti.